Me za a shimfiɗa a bakin kwamin wanka?

Ka ce me ya hana mu sa tayil ɗin nan mai sheƙi da Alhaji ya gani a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano a bakin kwamin wankan gidan gonarsa, tunda shi ya fi so. To ɗana, matso ka ji.

Duk mai taka bakin kwami ƙafarsa a jiƙe take, ba takalmi, galibi ma yara ne a guje. Tayil mai sheƙi da ya sha ruwa santsi yake yi. Yaro ya zame, ƙeyarsa ta bugi kankare, wallahi ba na so a ce aikin hannunmu ne ya jawo haka. Gwajin ba wuya: zuba ruwa a kai, ka murza tafin ƙafarka. In bai riƙe ka ba, ajiye shi.

Sai rana. A watan Afrilu zafinmu yana haura digiri 40, baƙin dutse kuwa ɗaukar zafi yake kamar tanda, da azahar ba mai iya tsayuwa a kansa. Shi ya sa nake neman mai haske. Dutsen mabul yana da haske, amma asid ɗin da ake daidaita ruwan kwami da shi yana cin sa, a hankali ya dusashe ya yi ƙananan ramuka.

Zaɓina dutsen giranayit mai haske, wanda ba a goge fuskarsa ba, mai kaushi. Ba ya jin ruwa, ba ya jin maganin da ake zuba wa ruwan kwami. In kuɗi bai kai ba, mu zuba kankare da kanmu, kafin ya kama mu ja buroshi a kai ya yi zane-zane. Buhun algarara jiƙaƙƙe za a rufa masa, ana bayi kwana 7, in ba haka ba iskar hunturu ta tsattsaga shi.

Ko wanne aka sa, leɓen ya leƙo kan ruwa santimita 3 zuwa 4, a kashe masa kaifi, don mai iyo ya samu abin kamawa. A ɗan karkata shi waje, kada ruwan sama ya kwaso ƙasa ya zuba ciki. Tsakaninsa da daɓen tsakar gida bar 'yar tazara a cike da roba mai miƙewa, saboda zafi na buɗa kankare.

Gobe ka ɗauko guntun tayil ɗin da bokitin ruwa, mu gwada a gaban Alhaji.