Ranar farko a Alƙahira

Hajiya, kin tambayi yadda baƙo yake ji idan ya fara sauka a Alƙahira, tunda kina shirin kai yara hutu daga nan Jidda. Ni na ɗauka wanda ya saba da cunkoson Makka a goman ƙarshe na azumi ba abin da zai girgiza shi, ashe da sauran kallo. A Harami kowa wuri ɗaya ya dosa, Alƙahira kuwa mutum sama da miliyan 20 ne, kowa da inda ya nufa, ga ƙarar hon da ba ta yankewa har tsakar dare.

Tsallaka titi ya fi komai ba ni wahala, domin motoci ba sa tsayawa, sai na riƙa raɓar 'yan gari ina bin sawunsu. Ki riƙe hannun yaran sosai. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe a 1987, yana da taragu na mata zalla. Kasuwar Khan Al-Khalili da ke daura da Masallacin Azhar kuwa, ki bari sai kin huta, kuma kada ki biya farashin farko da aka faɗa miki.