Me Ke Kashe Bakin Yarinya Idan Ta Fara Tasawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Ni ɗaliba ce a kwalejin horar da malamai mata ta tarayya da ke Gusau. A darasin ilimin halayyar ɗan Adam malaminmu ya ambaci wata Ba'amurkiya, Carol Gilligan, ya ce ta yi bincike kan 'yan mata, amma bai faɗaɗa ba. Ni kuma a wurin gwajin koyarwa na lura 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare har rige-rigen ɗaga hannu suke yi, amma 'yan aji uku ko me aka tambaye su sai "ban sani ba". Wace ce wannan mata, kuma bincikenta ya shafi yaranmu?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Abin da idonki ya gani a aji shi ne matar nan ta shafe shekaru tana bin diddiginsa.

An haifi Gilligan a birnin Niyok a 1936. Adabin Turanci ta fara karantawa, sannan ta koma ilimin halayya, ta yi digirin digirgir a jami'ar Harvard a 1964. A can ta koyar tare da masanin halayya Erik Erikson, a 1970 kuma ta zama mataimakiyar wani masanin, Lawrence Kohlberg, mai matakai shida na yadda yaro ke gane daidai da ba daidai ba, waɗanda na tabbata kun haddace don jarrabawa. Abin da ba a cika faɗa muku ba shi ne yara maza zalla ya yi wa tambayoyi ya gina matakan. Da aka auna mata da wannan mudu, sai Gilligan ta ga ana tauye su.

Misalin da ta kawo a littafinta na 1982 ya isa. Tambaya ce aka yi wa yara: mutum ne matarsa ke bakin mutuwa, mai magani ya tsawwala kuɗi: ya sace maganin ko kuwa? Wani yaro ɗan shekara 11 ya ce ya sace, rai ya fi kuɗi. Yarinya sa'arsa ta ce in ya yi sata aka ɗaure shi, wa zai yi jinyar matar? Ya nemi rance, ko ya zauna da mai maganin su daidaita. Mudun Kohlberg ya ɗora yaron a samanta. Gilligan ta ce a'a, tunanin yarinyar bai gaza ba, zumunci da abin da zai biyo baya take dubawa. Kowace uwa a Zamfara za ta ce wannan yarinya mai hankali ce.

Aikin da ya fi kusa da tambayarki shi ne wanda ta yi da Lyn Mikel Brown a wata makarantar mata a jihar Ohayo, suka wallafa a 1992. Shekara 5 suna sauraron yara kusan 100, 'yan shekara 7 zuwa 18. Ƙanana suna faɗin abin da ke ransu ba shakka. Da sun kai 12 ko 13 sai "ban sani ba" ta yawaita, ko a kan abin da suka sani sarai, don gudun kada a ce ba su da kirki ko ƙawaye su juya musu baya. Wani abu da ke burge ni: da farko yaran sun riƙa haɗa baki suna shirya amsar da suke zaton ana so. Masu binciken suka gane, suka ajiye tsarinsu, suka koma sauraron hirar kowace yarinya sau da dama, suna bin yadda take cewa "ni".

An soke ta, kuma sukar na da ƙarfi. Masana irin su Lawrence Walker a 1984, da Sara Jaffee da Janet Hyde a 2000, sun tattara bincike masu yawa suka ga bambancin maza da mata wajen gane daidai da ba daidai ba kaɗan ne. Yaran da ta saurara a Ohayo kuma 'yan makarantar kuɗi ne a Amurka. Don haka kada ki kwaso hukuncinta ki jibga wa 'yar Tsafe ko Bakura. Kunnenta za ki ara.

A wurinmu kunya ado ce, ba na yarda a kira ta cuta. Yarinyar da ke sunkuyar da kai gaban babanta, amma a islamiyya tana ɗaga murya da hadda, cikin ƙawaye tana shewa, lafiyarta ƙalau. Wadda ke tayar mini da hankali ita ce wadda bakinta ya mutu ko'ina. Wata jinin al'ada ne ya fara zuwar mata, ba audugar mata, ba banɗaki mai ƙofa a makaranta, tsoron miƙewa take yi. Wata gajiyar talla ce. Wata an fara zancen aurenta, tana ganin karatun ba nata ba ne kuma. Ga tsoro: tun da aka sace ɗalibai 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, ga kuma waɗanda aka koro daga ƙauyukansu, akwai yaran da ke zaune a aji da abin da baki ba ya iya faɗa. Duk waɗannan "ban sani ba" za su ce miki, amma ciwon kowa dabam.

Ga abin da za ki gwada tun gobe. In kin yi tambaya, ki yi shiru ki ƙirga goma a zuci kafin ki wuce. Ki raba su uku-uku su tattauna kafin a amsa a fili. Ki ba su takarda su rubuta da Hausa, ba suna. In wata ta buɗe miki cikinta, ki riƙe amana. In kuwa cutar da ita ake yi, ki faɗa mata za ki nemi babba da za a dogara da shi, kada ki ɗauki nauyin ke kaɗai. Kuma in lokacin rubuta kundin kammala karatunki ya zo, ki nemi izinin iyaye da na shugabar makaranta, ki saurari 'yan aji ukun nan ɗaya bayan ɗaya, ki rubuta maganarsu yadda suka faɗe ta.