Amsa kan jajayen tururuwan da ke ɗinke ganyen mangwaro

Malam, ka tambaya ko ka fesa wa jajayen tururuwan da suka dunƙule ganyen mangwaronka na Agege magani. Don Allah kada ka fesa.

Masana na kiransu Oecophylla longinoda. Jinsin nasu iri 2 ne kacal ya rage a duniya: namu na Afirka, da na Asiya har zuwa Ostareliya. Ka tsaya ka kalli aikinsu: wasu su ja bakin ganye su riƙe, wasu su ɗauko tsutsotsinsu a baki suna goga su, zaren da tsutsar ke fitarwa shi ke ɗinke gidan.

Cizonsu akwai zafi, gaskiya. Amma suna korar ƙudan da ke sa mangwaro tsutsa. Ranar tsinka sai ka yi amfani da doguwar gora.