Amsa: wane fili ya fi dacewa da kurket na kwana biyar?

Malam, ka tambayi filin da ya fi kyau a wasan Test, wato kurket na kwana biyar. Ai magana ce kan ɗan zirin nan na tsakiya mai tsawon yadi 22, inda ake jefa wa mai bugu ƙwallo, kuma ni dai na fi son wanda ke tsufa tare da wasan. Ranar farko a bar masa 'yar ciyawa da danshi, ƙwallo ta riƙa karkacewa, masu jifa da ƙarfi su samu nasu. Rana ta biyu da ta uku ya lafa, masu bugu su huta. Daga ta huɗu kuwa ƙasa ta bushe ta tsattsage, sawun takalman masu jifa ya yi kwari, sai masu murɗa ƙwallo su karɓi ragama.

Dubi filin Rawalpindi na ƙasar Pakistan a Maris 2022, Pakistan da Ostireliya: kwana biyar cur, masu bugu 14 kawai aka fitar, aka tashi canjaras. Barci ma ya fi. A Kef Tawun kuma, Janairu 2024, Indiya ta gama da Afirka ta Kudu cikin kwana biyu, ƙwallo tana tsalle yadda ta ga dama. Wannan caca ce. Babban abin dubawa shi ne tashin ƙwallon ya zama daidai, mai bugu ya iya amincewa da shi.