Amsar tambayoyinku kan haɗa sabbin kaji da na gida

Wata Hajiya daga Tudun Jukun a Zariya ta turo tambaya, ta ce ta sayo 'yan noila, wato kajin nan da ake kiwo don nama da ƙwai, masu sati 5 a Sabon Gari ta sake su cikin kajinta na Hausa, tun ranar manyan ke sararsu har ɗaya ta yi jini a ƙeya, yanzu duk sun maƙale a lungu ko abinci ba sa ci.

Hajiya ki kwashe su yau ɗin nan, kar ki jira gobe. Saran da kika gani ɗabi'ar kaji ce, kowace ta san matsayinta a akurki, in baƙuwa ta shigo sai an nuna mata nata. Amma sati 5 sun yi ƙanana sosai, ko gashi bai gama rufe su ba. Ki bari su kai sati 8 aƙalla, ni na fi son 12, lokacin girmansu ya kusa na manyan, kuma noila akwai saurin girma ba za ki daɗe kina jira ba. Wadda ta ji ciwo ki ware ta ita kaɗai ki shafa mata shuɗin maganin nan GV, don kaza in ta ga ja ba ta bari, sai su taru su yi ta sara har su kashe ta.

To amma ni wallahi ba faɗan ne ya fi damuna ba, cuta ce. Kazar kasuwa ta zauna keji ɗaya da kaji daga ƙauyuka daban-daban, kuma cutar Niyukasil tana iya kai sati 2 a jikin kaza ba ta nuna ba, za ki gan ta garau tana ci tana sha alhali tana ɗauke da abin da zai share miki akurki, musamman da hunturu lokacin da annobar ta fi yawa a nan Arewa. Shi ya sa sabuwar kaza sai ta yi sati 3 a killace nesa da na gida, kwanon ruwanta daban, na abinci daban, ki fara ba na gida abinci kafin ki je wajen baƙin, ki wanke hannu. Ki lura da gyangyaɗi, koren kashi, kashin jini, majina ko murɗewar wuya, ki ɗaga fiffike ki duba ƙwarƙwata. Ki tambayi mai sayarwa ko an ba su rigakafin Niyukasil da ake kira Lasota da na cutar Gumboro, in ya fara kame-kame ki ɗauka ba a yi ba. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta NVRI da ke Vom a jihar Filato na yin waɗannan rigakafin, akwai ma wani na Niyukasil mai suna I-2 da ake ɗigawa a ido wanda ya fi jure zafi, ana maimaita shi duk wata 3 zuwa 4. Kuma na gidan ma a yi musu, ba baƙin kaɗai ba. In kaji suka fara mutuwa ki kai gawar ɗaya asibitin dabbobi na ABU a Samaru a duba, kar ki tsaya jiƙa musu barkono.

Bayan killacewa sai ki sa su a keji ko ki raba akurkin da ragar waya, suna ganin juna ba sa taɓa juna, kamar sati ɗaya. Ranar haɗawa ki bari sai bayan magariba manyan sun kwanta ki shigar da su, da asuba ki leƙa. Ki ƙara kwanukan abinci da ruwa nesa da juna don babba ɗaya ba za ta iya tsare duka ba, ki jingina tsohon kwando ko katako inda ƙananan za su ɓuya. In akwai wata tsohuwar kaza mai mugunta ita za ki ɗaure kwana 2 ko 3, ba ƙananan ba.

Wani Malam daga Hayin Dogo kuma yana da kaji Shika Brown, irin da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI ta samar a nan Shika, suna ƙwai, yana tambaya ko zai iya ba sabbin 'yan sati 10 abinci ɗaya da su.

A'a Malam. Abincin masu ƙwai sinadarin kalsiyam ya yi yawa a cikinsa saboda ɓawon ƙwai, ƙaramar kaza in ta daɗe tana ci yana lalata mata ƙoda. Ka ci gaba da ba su na masu tasowa har wajen sati 18. In wurinka ba zai rabu ba, ka ba kowa na masu tasowan, sai ka zuba dakakken ɓawon kawa, wanda masu abincin kaji ke sayarwa, a kwano daban, masu ƙwan za su riƙa ɗiba da kansu.