Yayana ya ce na tsufa da komawa makaranta

Assalamu alaikum Hajiya. Ni magidanci ne a Kano, shekaruna 43, ina da mata ɗaya da 'ya'ya biyar. Na daɗe ina aikin akanta a wani kamfanin robobi, har bara da aka rage ma'aikata saboda tsadar dizal, sunana ya fito cikin waɗanda aka sallama. Duk inda na kai takarduna sai a dubi shekaruna a ce matasa ake nema, shi ya sa na yanke shawarar komawa makaranta in karanci aikin jinya, domin na lura mai wannan sana'a ba ya zaman banza.

Damuwata ita ce yayana. Ranar da na kai masa maganar, a gaban ƙannenmu ya tuntsire da dariya, ya ce gemai-gemai da ni zan sa fararen kaya in zauna a benci ɗaya da sa'o'in 'yata. Wai gara in zo shagonsa a Kantin Kwari in riƙa rubuta masa ciniki yana sallamata duk yamma. Hajiya, ni ne fa na biya wa 'ya'yansa kuɗin makaranta lokacin da kasuwa ta juya masa baya, ban taɓa yi masa gori ba, yau shi ne zai mayar da ni yaron shago. Ba kuɗinsa na je nema ba, albarkarsa na je nema a matsayinsa na babba, amma a gaban ƙannenmu ya yi mini haka. Yanzu ko a wurin ɗaurin aure muka haɗu sai ya kira ni ɗan makaranta, mutane suna dariya. A gida kam alhamdu lillahi, maiɗakina tana ɗinki, ita ke riƙe da cefane tun da abin ya faru, har ɗan kunnenta na gwal ta sayar muka biya haya, kuma ba ta ce komai a kan karatun ba. Yayana ne kawai ya hana ni barci. Shin in bar karatun saboda bakinsa, ko in daina zuwa gidansa gaba ɗaya?

Magidanci daga Kano

Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya musanya maka da aikin da ya fi alheri. Ba al'adata ba ce in shiga tsakanin wa da ƙani, kuma ban ji ta bakin yayanka ba, sai dai dariya a gaban ƙanne ba tarbiyyar babba ba ce. Gemu ba ya hana ilimi, wannan kowa ya sani, don haka ba zan ɓata fili a kansa ba.

Inda na tsaya a wasiƙarka shi ne maganar maiɗakinka, wadda ka ba ta layi biyu ka wuce. Matar da ta cire gwal daga kunnenta ta kai kasuwa domin kada mai gida ya fitar muku da kaya waje, kana shirin ɗora mata aƙalla shekara uku na ciyar da mutum bakwai da keken ɗinki, sannan ka ce ba ta ce komai ba. Ka tambaye ta ne? Ka tafi neman albarkar yayanka wanda ba zai biya ko sisi ba, ka bar wadda bayanta zai ƙage a kan keke har tsakar dare. Shirunta kunya ce da kawaici, kuma ina ganin tsoron kada a ce ta raina ka don ba ka da aiki ne ya rufe mata baki.

Bari in faɗa wa duk magidantan da ke karanta wannan shafi, domin irin wannan wasiƙa ta yi yawa: ciyarwa da tufatarwa da muhalli a wuyan miji suke, dukiyar mace kuwa tata ce, ko sadakinta ne ko kuɗin adashinta. Abin da ta bayar kyautatawa ce, ba haraji ba, kuma mai karɓar kyautatawa ba ya yanke shawarar shekaru ba tare da sanin mai bayarwa ba.

Ba ka faɗa mini takardar da kake da ita ba, kuma a nan lissafin yake. Makarantar jinya tana neman kiredit biyar a Turanci da lissafi da ilimin halittu da kimiyyar sinadarai da fiziks, wanda ya bi layin kasuwanci a sakandare kuwa da wuya a ce yana da ukun ƙarshe, ka ga sai ka sake zaman WAEC ko NECO tukuna. Karatun kuma na cikakken lokaci ne, da kwanan asibiti, ba ya barin mutum ya nemi na cefane. Idan kana da digiri ko HND, difloma ta koyarwa, wato PGDE, da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna take gudanarwa ta fi gajarta nesa ba kusa ba, kuma an tsara ta domin masu aiki. Akwai kuma jami'ar karatu daga gida, NOUN, mai cibiya a Kano. Idan zuciyarka na kan jinya duk da haka, ban hana ka ba, amma ka nemo kuɗin da ba na kunnen matarka ba. Dokar fansho ta 2014 ta ba wanda ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai samu wani ba damar cire kashi 25 cikin 100 na asusunsa, in dai ana yanka maka fansho a kamfanin. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ya fara karɓar buƙatu a 2024, babu ruwa a bashinsa, sai ka bincika ko makarantar da kake so tana cikin jerinsa.

Game da shagon, zan ɓata maka rai: ka karɓa. Yayanka bai iya magana ba, amma tayin da ya yi shi kaɗai ne a wasiƙarka zai kawo shinkafa gida a wannan watan, kuma rubuta ciniki sana'arka ce, ba ƙasƙanci ba. Ku yi yarjejeniyar albashin wata maimakon sallamar yamma, ka kuma faɗa masa ku biyu kawai cewa sunan ɗan makaranta ya isa haka. Zumunci ba a yanke shi a kan ba'a.

Kafin ka sayi fom, ka zauna da maiɗakinka bayan yara sun yi barci, ka lissafa mata shekarun da kuɗin, ka yi shiru har ta gama magana. Sannan ka tambaye ta nauyin ɗan kunnen nan, ka rubuta shi bashi a kanka da nauyinsa na gwal, ba da farashin ranar da aka sayar ba, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi, ka ba ta takardar ta ajiye.