Janyo wani yanki na fayil cikin AsciiDoc ba tare da kwafa ba

Malam, in na fahimce ka, kana rubuta takardun bayanin manhajarku a nan Jidda, kuma ka gaji da kwafo layukan Python, yaren shirya manhaja, da hannu duk lokacin da aka gyara su, kana neman yadda takardar za ta janyo su da kanta daga fayil ɗinsu.

Markdown zalla, wato tsarin rubuta takardu da alamomi masu sauƙi, ba ya da wannan dabarar, sai da ƙarin manhaja. A AsciiDoc kuwa, wanda shi ma irin wannan tsarin rubutu ne, abin a shirye yake. In sunan fayil ɗin Python ɗinka kudi.py, ka rubuta include::kudi.py[lines=5..12] a cikin takardar, layi na 5 zuwa 12 za su shigo da kansu.

Amma ni na daina dogaro da lambar layi. Bara abokin aikina ya ƙara layi biyu a saman fayil, takardar ta fito da rabin lissafi, ba mu lura ba sai da mai saye ya kira. Gara ka sa alama a cikin fayil ɗin: # tag::haraji[] a farko, # end::haraji[] a ƙarshe, sannan ka kira include::kudi.py[tag=haraji]. Ko layukan sun matsa, alamar na nan.

Ka kula, hanyar fayil daga inda takardarka take ake lissafa ta. Kuma GitHub, shafin da ake ajiye fayilolin manhaja, ba ya aiwatar da include, mahaɗi kawai za ka gani. In Asciidoctor, mai sarrafa rubutun AsciiDoc ya fitar da takarda, ya ƙi janyowa a sabar kamfani, yi wa mai kula da ita magana, wataƙila matakin tsaro ne ya toshe.